Farin Ƙunshin da Ba Likkafani Ba

Cikin shekara talatin da ɗoriya da na yi ina hidimar alhazai a Makka, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce biyar ga Zulhajji, a wata shekara ta tsakiyar shekarun 1960. Ku da kuke wannan aiki yanzu, ga injin wanki, ga lamba a jikin kowace jaka, za ku ce wannan kuskure ai sai wawa. Ku dai bari ku ji. Ni ma da hankalina na yi shi, har ina ganin na fi kowa sanin aiki.

Sunana Rabi, a gidan aiki kuwa Rabi'a ake ce mini. Ina yarinya muka baro ƙasar Kano da Babana a ƙafa, muka bi ta Chadi da Sudan, muka daɗe a hanya kafin mu tsallako. A Makka na yi aure, a Makka mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya uku. Lokacin da abin nan ya faru ina shugabar wanki ta sashen mata a gidan wani muɗawwifi da muke ce wa Shehu Siraj.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Muɗawwifi shi ne uban gidan alhaji tun daga saukarsa har komawarsa: shi zai ba shi masauki, ya sa a yi masa jagoran ɗawafi, ya kai shi Mina da Arfa. A wancan zamanin, da alhaji ya sauka Jidda sai a tambaye shi, wa ye muɗawwifinka? Sunan da ya faɗa, gidan za a kai shi. Saboda haka jarin muɗawwifi sunansa ne a bakin mutanen wata ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai wakilinsa na Jidda, sai masu jagoran ɗawafi, sai mai kawo Zamzam, sai masu dafuwa. Mu masu wanki mu ne a can ƙasan tukunya. Ɗakin da nake ciki a unguwar Jarwal na Shehu ne, takardar zamana ma shi ya tsaya mini aka ba ni. In ya janye hannunsa, da an gama aikin Hajji jirgin ruwa ne zai kwashe ni da yarana, zuwa ƙasar da ban san ƙofar gidan kowa a cikinta ba.

Ban da wanki, akwai wani aiki da yake hannuna. Alhazai da yawa sukan zo da likkafaninsu daga gida don a tsoma musu a ruwan Zamzam, su koma da shi su ajiye. Ƙa'idar gidanmu ita ce, mai so sai ta ɗora ƙunshinta a kan bencin da ke bakin ɗaki. Da safe in kwasa in kai Harami, in tsoma a daro, ba sabulu, ba murza, sannan in shanya a kan tsakuwar haraba. Ni kuma ina da wata ɗabi'a da nake alfahari da ita: ba na kwance likkafanin mutum a gabansa, ba na kuma tambayarsa. A ganina rashin kunya ne ka tsaya kana jujjuya rigar ƙarshen mutum yana kallonka. A ƙunshe nake tsomawa, sai a wurin shanya nake warwarewa.

A wannan shekarar Shehu ya sami baƙin da bai taɓa samu ba, mutum biyu daga Koriya: wata mata mai suna Maryam, wadda za ta kai arba'in, da ƙanenta Yusuf. Musulunci bai daɗe da shiga ƙasarsu ba, su ma da girmansu suka musulunta. Yusuf yana jin Larabci kaɗan-kaɗan, irin na littafi. Maryam kuwa in ka cire Fatiha da sallama, sai murmushi. Shehu ya tara mu ya ce, "Waɗannan biyun ƙofa ce. In sun koma da sunana, na sami ƙasa guda. Wanda ya ɓata musu rai, ni ya ɓata wa." Aka sa Maryam a ɗaki ɗaya da wasu mata Jawawa, mutanen Indonesiya, su shida.

Ranar biyar ga wata da safe na hau sama na tarar da ƙunshi bakwai a kan benci, duka farare. Na ce a raina, ashe 'yar Koriya ma ta san al'ada. Nata ya fi na kowa tsafta, an naɗe shi da farin ƙyalle mai kusurwa huɗu, an ɗaure shi da kyau. Na lura bai kai sauran nauyi ba. Na lura, amma ban tsaya ba. Muka ɗauka ni da Talatu, abokiyar aikina, muka gangara Harami.

Na tsoma shida, na tsoma na bakwai, har na danna shi da hannu biyu don ruwa ya ratsa. Da na ɗago sai na ga ruwan daron ya yi ja-ja. Na kai shi kan tsakuwa na kwance da sauri.

Ba likkafani ba ne. Wata 'yar riga ce ta farin siliki, gajera, ko ƙugu ba za ta kai ba, mai dogon hannu. Sai wani dogon siket mai faɗi, wanda daga baya na gane a ƙirji ake ɗaura shi. A gaban rigar akwai igiyoyi biyu masu faɗi, ja mai duhu, su ne suka saki rini a ƙirjin rigar kamar an zuba zoɓo. A wuyanta akwai wani siririn farin ƙyalle. Da na taɓa shi sai wani abu ya fito kamar koko. Takarda ce aka sa a ciki don wuyan ya tsaya, ta narke. Silikin da kansa ya yi laushi ya yamutse, duk sitacin da aka ba shi ya tafi.

Talatu ta leƙo ta gani. Ta matso kusa da kunnena.

"Rabi, naɗe shi. Ki ce an ɗauke a wurin shanya. Kullum ana ɗauke wa mutane kaya a nan, wa zai tuhume ki?"

"In aka rantsar da ni fa?"

"Wa zai rantsar da ke a kan ƙyalle? Ki tuna yaranki."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na naɗe shi. Na cusa shi a ƙasan daro, na ɗora shanyayyun a kai, muka kama hanya. Ina tafe ina tsara yadda zan faɗa, har da inda zan yi kuka. A gindin tudun Jarwal na sauke daron in huta, na zaro rigar don in ƙara ɓoye ta, sai ta juye. A ciki, daidai inda zai kwanta a kan zuciya, an zana wasu 'yan kifaye biyu da zare, suna fuskantar juna, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Na duba ɗinkin rigar. Ba na keke ba ne, na hannu ne, ƙanana ƙwarai, a jere. Sai dai wajen hannun hagu ɗinkin ya fara karkacewa, kamar idon mai ɗinkin ya gaji ko hannunta ya daina jin magana. Ni 'yar wanki ce, na san hannun tsohuwa in na gan shi. Na ce wa Talatu ta wuce da sauran, ni zan ga Shehu.

Na same shi a zauren ƙasa, shi da wakili. Na shimfiɗa rigar a gabansa na faɗi yadda aka yi. Bai ɗaga murya ba, da ma shi ba ya ɗagawa, abin da ya sa muke tsoronsa ke nan.

"Ya Rabi'a, shekararki nawa a gidan nan?"

"Goma sha ɗaya, ya Shehu."

"Sha ɗaya, ba ki san riga da likkafani ba?"

"Ban kwance ba."

"Ɗayyib. Kawo takardarki."

Na ciro ta daga lalitar da ke wuyana na miƙa. Ya sa a aljihu. Ya ce ran takwas ga wata da safe za a tashi zuwa Mina. In matar nan ta bar gidansa da ƙorafi a bakinta, ni ma zan bar gidan, da ɗakin, da takardar. Kwana uku ke nan.

Aka kira Yusuf ya tsaya a bayan ƙofar sashen mata, ni kuma na shiga. Maryam tana zaune a kan tabarma tana taje kai. Na durƙusa na ajiye rigar a gabanta. Ashe da ta ga Jawawa suna ɗora fararen ƙunshinsu a benci, sai ta zaci nan ne wurin ajiye kaya masu daraja, don kada a tattake a ɗaki.

Ta daɗe tana kallon rigar. Ba ta yi ihu ba, ba ta dube ni ba. Ta shafa tabon, ta shafa wuyan. Can sai ta jawo jakarta ta fito da ɗan ƙaramin almakashi, ta sa bakinsa a ɗinkin kafaɗa ta tsinke. Ta ja zaren. Ta koma kan hannun rigar. Na ce shi ke nan, fushi ne, yayyaga ta za ta yi ta watso mini. Na kama hannunta ina ba ta haƙuri da Hausa da Larabci a haɗe. Ta zare hannunta a hankali ta yi wa ƙanenta magana ta bayan ƙofa.

"Ya Hajiya," in ji Yusuf, "ta ce ki sake ta. Ba fushi ba ne. A ƙasarmu haka ake wanke irin wannan tufa. Sai an warware ta gaba ɗaya, a wanke kowane yanki daban, a ba shi ruwan shinkafa, a buga, sannan a sake ɗinkawa."

Na ce, to ashe da gyara.

Yusuf ya ce, "Da gyara. Amma ba a taɓa warware wannan ba. Mahaifiyarmu ce ta ɗinka, ita ce ɗinkinta na ƙarshe. Yayata ba ta taɓa sa ta ba, don kada ta yi datti a ce sai an wanke. Ranar Arfa take jira."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ina kallo tana zare ɗinkin uwarta, layi bayan layi. Ba ta yar da ko guntun zare ba, tana naɗe shi a yatsanta. Da ta zo hannun hagu, inda ɗinkin ya karkace, ta tsaya. Hawaye suka sauko mata ba sauti. Sannan ta tsinke shi ma. Da za ta zage ni a lokacin, da na fi samun sauƙi.

Muka wanke yankunan tare. Jan ya ragu, amma bai fita ba. Muka dafa shinkafa muka tace ruwan, muka ba silikin ya sha. Kashegari, shida ga wata, na kawo dutsen guga da garwashi. Ta girgiza kai. Yusuf ya ce guga za ta miƙar da shi amma ba za ta sa shi ƙyalli ba. Sai Maryam ta dunƙule hannu biyu ta riƙa dukan gwiwarta, dama, hagu, dama, hagu, tana kallona ba tare da wani sa rai ba.

Ai ni da wannan sautin aka yaye ni. Babana mai bugu ne tun a Kano, kuma a Jarwal ma yana da rumfarsa da gungumensa, yana buga wa mutanenmu shadda da rawani. Na nemi izini a wurin wakili, na ɗauki Maryam da ƙanenta muka hau tudu.

Baba ya jujjuya silikin a hannu ya tsuke baki.

"Wannan kika ɓata?"

"Shi ne, Baba."

"Tun kina ƙarama gaggawa ce ke cin ki. Wannan in na sauke masa guduma sau ɗaya, sai dai ki kai wa Shehunku tsumma."

Gaskiyarsa, gudumar bugu ta fi cinyata kauri. Maryam ta ɗaga ɗaya ta ji nauyinta, ta ajiye. Ta waiga ta hangi muciya a jingine da tukunya, ta nuna. Na shiga maƙwabta na aro uku, na haɗa da tamu, muka kankare su tas. Ta ninke yanki guda cikin farin ƙyalle ta ɗora a gungume, ta zauna a gefe ɗaya, ta nuna mini ɗaya gefen. Ashe a ƙasarsu mata ke yin bugu, biyu-biyu, suna fuskantar juna.

Na ɗaga muciya na kasa saukewa. In na fasa silikin nan, babu na biyunsa a duk Makka. Ta fara ita kaɗai, a hankali, sannan ta ɗaga mini gira. Na shiga. Da farko muna karo, sau biyu sandata tana bugun tata. Baba da ke tsaye sai ya fara tafa mana ma'auni da tafinsa, yana gunaguni.

"Shekara arba'in ina bugu, ban taɓa ganin an yi da muciya ba. Sassauta hagunki, Rabi, ba tuwo kike tuƙawa ba."

Kafin azahar hannunmu ya haɗu. Da aka buɗe yankin farko, silikin yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, kuma ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Da muka tsaya shan ruwa na tambayi Yusuf labarin kifayen nan. Ya ce danginsu jikokin wata sarauniya ce ta zamanin da can. Ba 'yar ƙasar ba ce. Daga wata ƙasa mai nisa ta zo a jirgin ruwa, tana budurwa, ta auri sarkinsu. An ce kifayen biyu alamar garinta ce. Ta haifi 'ya'ya da yawa, biyu daga cikinsu aka ba su sunan gidanta maimakon na ubansu don kada sunan ya ɓace, kuma shi danginsu ke amsawa har yau. Ya faɗi sunan, harshena bai riƙe ba. Ya ce mahaifiyarsu ba ta musulunta ba, ba ta ma gane abin da 'ya'yanta suka shiga ba. Amma da ta ji 'yarta na da burin zuwa wata ƙasa mai nisa ta tsaya gaban Ubangijinta, sai ta ɗauki allura. Ta ce matan gidansu sun saba doguwar tafiya tun daga kakarsu, kuma ba sa sauka ƙasar mutane da tufa a yamutse.

Baba ya ji wannan ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da takarda guda, fara, mai kauri, irin wadda malamai ke rubuta Alƙur'ani a kai. Ba a rubuta komai a kanta ba. Tun daga Kano ya ɗauko ta. Ya ce a yanka a sa a wuyan rigar.

Ran bakwai muka wuni ɗinki. Ita ta ɗinka rigar, ni ta ba ni dogayen layukan siket, tana duba kowane taƙi. Sau uku tana sa ni warwarewa. Igiyoyin ja muka cire, ta yanko farare daga ƙyallen naɗin. Komai ya koma daidai, ban da tabon. Yana nan a ƙirjin hagu, ja-ja, faɗin tafin hannu. Ta gwada ɗaurin igiya a kansa, rabi ya ɓuya, rabi ya ƙi. Ban san me za ta faɗa wa Shehu ba, ban kuma da fuskar tambaya.

Ran takwas da hantsi motoci suka jeru a ƙofar gida. Shehu yana tsaye da takardar sunaye. Maryam ta sauko cikin kayanta, ta yafa farin mayafi, siket yana shara kamar ba ta taka ƙasa. Jawawa suka bi ta da kallo. Idon Shehu kuwa bai sauka ko'ina ba sai a kan tabon. Ya dube ni, ya juya wurin Yusuf.

"Ya Sayyid Yusuf, na ga abin bai fita ba. Ma'aikaciyata ce ta yi laifi, kuma zan hukunta ta. Ku faɗi abin da kuke so a yi."

Yusuf ya fassara. Ina tsaye a bakin ƙofa. Maryam ta sa hannu a cikin rigarta ta ciro ɗan dunƙulen zaren nan, bai fi goro ba. Ta yi magana a hankali, ta ɗan daɗe.

"Ta ce ta so uwarta ta zo Makka, Allah bai yi ba. Ta ce ita da kanta ba za ta taɓa iya sa wannan ɗinki a ruwa ba, ko da na Zamzam ne. Yanzu ga zaren hannun uwarta ya sha Zamzam, za ta kai shi Arfa." Ya tsaya, ta ƙara wata magana. "Ta kuma ce ka rubuta mata sunan matar nan. In mutanenmu sun sauka Jidda aka tambaye su muɗawwifinsu, za su ce gidan da Rabi'a take."

Shehu ya gyara rawaninsa. Ya ciro takardata daga aljihu ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Halas, an gama. Hau mota." Haƙuri kam bai ba ni ba, ni ma ban jira ba.

Kada ku ɗauka na fita fes. Ta yi mini sutura ne kawai a gaban maigidana. Ni da na zauna a gabanta tana tsinke ɗinkin hannun hagun nan, na san abin da na raba ta da shi, kuma Zamzam bai mayar mata ba. A Arfa na hango ta bayan la'asar, ta ɗaga hannu, dunƙulen zaren yana tafinta. Na kasa yi wa kaina addu'a sai da na yi wa tsohuwar da ban taɓa gani ba fatan alheri.

Abin da na koya shi ne, mu masu hidimar alhazai mun ga mutane da yawa har muna zaton mun gama sanin mutum. Muna ganin farin ƙyalle mu ce likkafani, don shi muka saba gani. Kunyar da nake taƙama da ita, rabinta lalaci ne na tambaya. Tun daga ranar, duk wadda ta miƙo mini ƙunshi, ko Bakanuwa ce 'yar unguwarmu, sai na zauna na ce ta kwance da hannunta ta gaya mini ko mene ne. Wasu sun ji haushi, wata ma ta ce ina yi mata fatan mutuwa. Na ce ta yi haƙuri, ta dai kwance.